Babi na Huɗu: Tuwo da Abokan Tafiyarsa

Duk wanda ya taɓa fita daga birnin Kano ta Kabuga a lokacin kaka, ya miƙi hanyar yamma, ya wuce sabon mazaunin Jami'ar Bayero da Rimin Gado, ya ratsa ƙasar Kabo har ya dangana da Gwarzo, wadda daga ita sai iyakar Katsina ta wajen Dayi, lalle idonsa ya faɗa a kan abubuwa biyu, ko da bai tsaya ya yi musu i'itibari ba. Na farko gonaki ne, inda dawa ta miƙe ta sunkuyar da kai don nauyin zangarniya, wake ya yi yaɗo a ƙarƙashinta ya lulluɓe kunya, gyaɗa kuwa an tuge ta an kife tana shan rana. Na biyu farantai ne da bokitai waɗanda ke kewaye mota da zarar ta tsaya a tasha, wannan awara, wannan ƙuli-ƙuli, wancan dafaffiyar gurjiya, waccan ƙwaryar nono da dunƙulen fura a gefenta. Muradina a wannan babi in nuna cewa abin da ke cikin farantan nan ɗan abin da ke ƙarƙashin dawar can ne, kuma darajarsa a jikin ɗan Adam ta fi ƙarfin sunan da muka laƙaba masa.

Gama mu a wurinmu sunansa ƙwalama. Mutum zai ci awara ta cika masa ciki, ya kora da nono, sa'an nan in ka tambaye shi da la'asar ya ce maka yau bai sa komai a bakinsa ba, domin a lissafinsa abinci shi ne tuwo, sai ko shinkafa, saura duk kayan ƙwalam da maƙulashe ne, abin yara da mata da masu kwaɗayi. Ba na raina tuwo, da shi aka raine ni, kuma shi ne ginshiƙin gida. Amma ginshiƙi kaɗai ba ya zama ɗaki, kuma rainin da muke yi wa abokan tafiyarsa ya jawo mana hasarar da ba a ganinta sai a damtsen yaro da ƙafarsa.

Masana ilmin jiki sun kasa abin da muke ci kashi-kashi gwargwadon aikinsa. Akwai mai ba da ƙarfi, wato hatsi da rogo da dankali da mai da sukari, wanda misalinsa misalin itace ne a murhu, a zuba ya ci ya ba da zafi ya ƙare. Akwai kuma mai gina jiki, wanda suke kira furotin, shi ne tubalin da ake gina tsoka da shi, da fata, da gashi, da jini, da dakarun da ke tare cuta a cikinsa. Jiki kuwa gini ne da ba a taɓa gama shi, kullum ana rushe wani sashe ana mayar da sabo, kamar yadda mai katangar ƙasa ba ya rabuwa da yaɓe bayan kowace damina. Kuma hikimar Ubangiji ta hukunta cewa jiki yana iya tara kitse ya ajiye don gobe, amma ba shi da rumbun tara furotin, saboda haka in bai samu a kwano ba sai ya juya ya ɗiba daga tsokar mai shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddara wa baligi mai lafiya kimanin giram 0.8 a kan kowane kilo na nauyinsa a yini, ma'ana mai nauyin kilo 60 yana bukatar wajen giram 50. Mai ciki da mai shayarwa bukatarsu ta ɗara haka, yaro mai tasowa kuma, in aka auna da ƙanƙantar jikinsa, ya fi babba bukata.

Furotin ɗin nan an harhaɗa shi ne daga ƙananan ƙwayoyi iri 20, waɗanda ake kira amino asid, kamar yadda ake harhaɗa kalma daga haruffa. Guda 11 daga cikinsu jiki yana ƙera su da kansa, guda 9 kuwa wajibi ne a kawo masa daga waje, kuma in harafi ɗaya ya yi ƙaranci kalmar ba ta rubutuwa, ko da sauran sun cika allo. To, a nan mas'alar take. Gero da dawa suna da furotin kimanin kashi 10 zuwa 11 cikin 100, masara ta ɗan gaza haka, shinkafa wajen kashi 7, rogo kuwa da ƙyar ya kai kashi 2, kuma hatsi dukansa yana da ƙarancin harafi ɗaya mai suna laisin. Wake yana da furotin wajen kashi 24 cikin 100, yana kuma da wadatar laisin, alhali abin da shi ya gaza a kansa, wato metiyonin, hatsi yana da shi. Kowannensu shi kaɗai ɗingishi yake yi, in sun haɗu a ciki a yini guda sai su cika juna. Kakanninmu ba su taɓa jin sunan laisin ba, amma tun kafin wani ya auna shi da ma'auni sun riga sun aurar da wake ga hatsi sau biyu, sau ɗaya a kwano, sau ɗaya a gona. Domin in ka tuge gindin wake ko na gyaɗa za ka ga wasu 'yan ƙulle-ƙulle a jikin saiwar, a cikinsu akwai ƙwayoyin halitta masu ɗauko sinadarin naitirojin daga iska su mai da shi taki, har ƙasa ta amfana, sa'an nan harawar ta tafi ga tumaki, kashinsu ya komo gona.

Najeriya ce ta fi kowace ƙasa a duniya noman wake, Nijar na biye da ita, kuma matanmu sun sarrafa shi ta fuskoki da yawa har ya shiga kowane lokaci na yini. Da sassafe ƙosai ne da koko, wanda in ka duba da kyau haɗin nan ne na gona ya biyo ka bakin titi, gero a hannun dama, wake a takarda. Da hantsi ɗanwake ne da mai da yaji, da rana garau-garau ko fate, ga alale da tubani ga mai hali da lokaci. Gwangwanin madara ɗaya na ɗanyen wake, in an dafa shi, ya ɗauke wa babban mutum rabin bukatarsa ta yini. Sai dai akwai abin da ke ɓata mini rai a 'yan shekarun nan, shi ne yadda sunaye suka saura alhali ma'anarsu ta zurare: ɗanwaken da ake kwaɓawa da fulawa zalla da kuka da kanwa, babu ƙwayar wake a cikinsa, da wake da shinkafar da sai ka tona da cokali kafin ka gamu da waken. Mai sayarwa uzurinta a fili yake, tsada ce ta kai ta. Amma ya kamata mai ci ya san cewa ƙoshin da ya yi ƙoshin fulawa ne.

Tsadar kuwa tana da sababi, kuma babban sababinta wani ɗan ƙwaro ne da bai kai ƙwayar gero biyu ba. Wake ba ya jimirin ajiya, tun daga gona ƙwaron yake biyo shi, in aka yi wata uku ko huɗu sai ka buɗe buhu ka tarar da gari da huji. Saboda tsoron haka, da kuma bashin taki da bikin kaka da ke jiransa, manomi yakan kwashi wakensa ya kai kasuwa, Getso ko wata, a daidai lokacin da kowa ya kawo nasa farashi ya faɗi, daga nan a loda shi zuwa kasuwar Dawanau, daga Dawanau ya yi kudu. In bazara ta yi, shi wanda ya noma shi ne zai koma yana awon gwangwani da tsada, ko ya haƙura. Waɗansu kuma, don su kuɓutar da dukiyarsu, sai su zazzaga wa waken fiya-fiya da makamantansa, wanda guba ne tsantsa, har ta kai a shekarar 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya ƙasashenta saboda yawan wannan magani a jikinsa. Abin da waɗansu suka ƙi karɓa don kare jama'arsu, mu ba ya halatta mu dafa wa tamu. Alhali kuwa akwai mafita mai sauƙi: buhun nan mai ciki uku, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta fara yaɗawa a ƙasashenmu tun 2007, leda biyu masu kauri a ciki da buhu a waje, a ɗaure bakin kowanne daban, iska ba ta shiga, ƙwaron ya shaƙe ya mutu, ba tare da ɗigon magani ba.

Gyaɗa ita ce ta ɗaukaka sunan Kano a kasuwannin duniya. Da jirgin ƙasa ya fara jigila daga Kano a 1912, Turawa auduga suka sa wa rai, manoma kuwa suka duba suka ga gyaɗa ta fi musu, domin in kasuwa ta ƙi ana iya cinta, auduga kuwa ba ta shiga tukunya. Daga nan aka samu dalar gyaɗa da manyan attajirai irin su Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, har zuwa lokacin da farin 1973 da cutar da ta nannaɗe ganyen gyaɗa a 1975 suka karya wannan ciniki. Abin lura a nan shi ne, waɗanda suka saye ta a Turai mai suke tatsa don abinci da sabulu, tunkuzar kuwa ba su zubar ba, shanunsu suka ba don su yi nama da nono, gama sun san cewa ginin jikin yana cikinta. Ɗanyar gyaɗa tana da furotin wajen kashi 25 cikin 100, in an matse mai sai abin ya taru, har ƙuli-ƙuli ya haura kashi 40. Gaskiya ne laisin ɗinta bai kai na wake ba, don haka ba ta maye gurbinsa; amma ga sauƙin ɗauka da daɗewa ba ta lalace ba, babu kamar ta.

Na tashi ina ganin gwaggona, ƙanwar mahaifina, wadda ke aure a wani ƙauye na ƙasar Kabo, tana wannan sana'a, kuma har yau in na ji ƙamshin tuyar ƙuli tsakar gidanta nake gani. Takan soya gyaɗar a kasko tana juyawa har ɓawon ya fara sakin jiki, ta juye a tabarma ta murje, ta fece a faifai, a kai inji a niƙo. Sa'an nan aikin gaske ya tashi: ta zuba ƙullin a turmi, tana tsiyaya ruwan zafi kaɗan-kaɗan tana juyawa da taɓarya, kafaɗa na aiki, gumi na zuba, ƙullin yana ƙara tauri yana duhu, har can sai ka ga mai ya fara tsattsafowa ta gefe yana ƙyalli, kamar raɓa a kan ganye. Ta kwashe shi a kwalba, ta matse saura da hannu, ta murza tunkuzar wani zobe wani sanda, ta soya ta a cikin man da ya fita daga jikinta. Wata rana, tun kafin suya, na ga tana tsince waɗansu ƙwayoyi masu baƙi-baƙi da waɗanda suka motse tana warewa a murfin kwano, sai na miƙa hannu.

Ta buge hannun, ta ce, "Kul, ɗan nan! Wannan mai ɗaci ce, ko akuyata ba na ba."

Na ce, "Gwaggo, ai in an soya shi ke nan."

Ta ce, "Wuta ba ta gyara abin da ya ruɓe tun daga ƙasa. Zubar a masai, ka zo in ba ka mai kyau."

Sai da na yi karatu na gane cewa hukuncin da ta yanke daidai yake da abin da masu bincike suka tabbatar. A shekarar 1960 talo-talo fiye da 100,000 suka mutu a Ingila, da aka bi sawu sai aka tarar tunkuzar gyaɗa ce da aka kawo daga Birazil, wadda wani nau'in fumfuna ya kama ya bar guba a cikinta, aka sa wa gubar suna afalatoksin. Tana samuwa a gyaɗa da masarar da ba su bushe sosai ba, ko aka ajiye su a wuri mai laima. Suya ba ta kashe ta, a tunkuza take taruwa, kuma hanta take ci a hankali, musamman ga mai ɗauke da ciwon hanta tun da farko. Saboda haka mai yin ƙuli da ke sayen tsintar gyaɗa don arha ta sani amana ce a wuyanta, domin galibin masu cin abin nata yara ne. Ƙuli mai kyau kuwa, ba shi da iyakar amfani: a daka shi a yi kwaɗon zogale ko na rama, a barbaɗa a gurasa a yi bandashe, a jiƙa shi da gari, a sa shi a aljihu a tafi gona ko makaranta.

Abin da ya sa wannan magana ta zame mini larura ya faru ne a gidan wani ɗan'uwana a karkarar Gwarzo. Yana da yaro wanda bai cika shekara biyu ba uwarsa ta samu ciki, aka cire shi daga nono dare ɗaya aka kai shi wurin kakarsa, kamar yadda al'ada ta gudana, abincinsa ya koma koko tsararo da safe, da ɗan tuwo da ruwan miya da dare. Da na je bayan 'yan watanni, na tarar da shi zaune a gindin turmi ba ya wasa ba ya dariya, kumatunsa sun cika, ƙafafunsa sun yi suntum, gashin kansa ya yi ja ya yi laushi kamar gashin masara. Kakar, baiwar Allah mai ƙaunarsa, cewa take yi yaye ya karɓe shi, ya yi ƙiba. Muka ɗauke shi zuwa asibiti, ma'aikaciyar ta ɗora babban yatsanta a bayan ƙafarsa ta danna, ta ɗan jima ta ɗauke, sai ga rami ya zauna bai taso ba. Ta dubi tsohuwar da ladabi ta ce, "Inna, wannan ruwa ne ya taru, tamowa ce ta kama shi." Aka kwantar da shi, aka fara da wata madara ta musamman, daga baya aka koma ba shi wani abinci mai kauri a 'yar leda, Allah cikin rahamarsa ya tashi kafaɗunsa. Abin da ban manta ba shi ne, ranar da muka fita da shi, a zauren gidan muka ratsa ta tsakanin buhunan gyaɗa da na waken suya da aka jibge ana jiran farashi ya tashi. Rashin sani, in ji magabata, shi ya sa kaza ta kwana a kan dami.

Wannan cuta ba baƙuwa ba ce ga likitoci. Wata likita 'yar asalin Jamaika, Cicely Williams, ita ce ta fara bayaninta a rubuce a 1933 tana aiki a ƙasar da yau ake kira Gana, a 1935 kuma ta kira ta da sunan da ƙabilar Ga ta can ke kiranta, kwashiyoko, wato ciwon yaron da ƙaninsa ya ture shi daga nono. Kuma ko da yake zawo da ƙyanda suna da hannu wajen tayar da ita, abinci mai cika ciki marar gina jiki shi ne shimfiɗarta. Abincin ledar nan da aka ba yaron, wanda aka ƙirƙira a Faransa a 1996 da sunan Plumpy'Nut, kuma ƙungiyar likitoci ta MSF ta ceci dubun dubatar yara da shi a Maraɗi da kewayenta a yunwar 2005, in ka karanta abin da aka haɗa shi da shi, niƙaƙƙiyar gyaɗa ce da garin madara da mai da sukari da sinadaran ƙarin lafiya. Gyaɗarmu ce ta yi tafiya ta komo da sunan magani. Binciken lafiya na ƙasa na shekarar 2018 ya nuna cewa yara 37 cikin 100 na Najeriya 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, tsayinsu bai kai na shekarunsu ba, a jihar Kano kuwa sun haura rabi. Tsumburewar nan kuma ba ta tsayawa a ƙashi, har kaifin fahimta takan taɓa.

Ina ganin a nan akwai magana da magidanta, kuma malamanmu sun riga mu yinta. Wanda ya zauna a zaure ya karanta babin nafaƙa a Mukhtasar na Shaihu Halil ya san cewa abin da aka wajabta wa miji bai tsaya ga hatsi ba, an ambaci abinci tare da mahaɗinsa, wanda ake kira idami, gwargwadon halinsa da al'adar garinsu, an kuma ce mai shayarwa a ƙara mata abin da za ta samu ƙarfi da shi. To, wanda ya auna wa gida dawa ya juya baya, ya tafi teburin mai shayi aka soya masa ƙwai, ko ya tsaya wurin mai tsire shi kaɗai, ya kamata ya sake duba wannan babi. Haka nan al'adar tsame tsoka a sa a kwanon maigida, yara su tashi da romo, da camfin nan na cewa yaron da aka saba masa da ƙwai ɓarawo zai zama, wanda ba shi da asali a shari'a balle a likitanci; ƙwai ɗaya yana da furotin giram 6 cikakke, babu harafin da ya ɓace a cikinsa. Yaro nonon uwa zalla ya ishe shi wata 6 na farko, bayan haka a ci gaba da shayarwa ana ƙara masa kunu mai kauri. Ma'aikatan lafiya suna koyar da wani haɗi mai sauƙi, wanda suke kira Tom Brown: gwangwani 6 na hatsi, 3 na waken suya, 1 na gyaɗa, a soya kowanne daban, a cire ɓawo, a niƙa tare, a riƙa damawa. Babu ɗaya daga cikin ukun da ba a nomawa tsakanin Kabo da Gwarzo.

Waken suya shi ne baƙo a cikinsu, kuma shi ne ya fi su duka, domin furotin ɗinsa ya kai kashi 36 zuwa 40 cikin 100. Asalinsa ƙasar Sin, a Najeriya kuma ya daɗe a hannun Tibi na Binuwai kafin ya hauro arewa, har yanzu ya zama amfanin gona sananne a yammacin Kano da kudancinta. Awara ma sunanta aro ne daga wara, cukun nan mai laushi da ake daskarar da madarar shanu da ruwan tumfafiya a yi shi a ƙasar Yarbawa. Yadda matanmu suka karɓi wannan sana'a suka mai da ita tasu cikin shekaru kaɗan abin a yaba ne: a jiƙa waken, a markaɗa, a tace da ƙyalle, a ɗora madarar a wuta, in ta tafasa a zuba ruwan tsami, nan take sai ta tsinke, farin ya taso sama gaya-gaya ruwan ya koma tsararo, a kwashe a ƙyalle da attaruhu da albasa, a ɗaure a danne da dutse, in ta kama jikinta a yanka a soya, dusar kuma ta tafi ga awaki. Yaran Kano suna kiranta ƙwai da ƙwai, kuma ba su yi nisa da gaskiya ba. Sharaɗi ɗaya ne a kiyaye, waken suya ba a cinsa sai ya ji wuta sosai, domin ɗanyensa yana da abin da ke hana ciki narkar da furotin. Sai kuma man suya, kada a yi ta maimaita shi har ya yi baƙi.

Furotin na dabba kuwa, kowane lokaci da rabonsa. Damina tana kawo ƙwan zabi da yalwar nono daga rugage, kuma fura da kindirmo na gaske, wanda ba a tsinka shi da ruwa ba, abinci ne cikakke, gama nono yana cike giɓin gero kamar yadda wake ke yi. Kofi ɗaya na nono yana da furotin wajen giram 8. Madatsun ruwa, irin su Guzuguzu a ƙasar Kabo da Challawa a ƙasar Ƙaraye, sun kawo tarwaɗa da karfasa kusa da mutanen da a da sai bandar kifi daga nesa, kuma ƙananan busassun kifin da ake dakawa da ƙayarsu a zuba a miya sun fi amfani ga yaro bisa babban yanki ɗaya a kwanon babba. Hunturu lokacin fara ne, wadda busasshiyarta fiye da rabinta furotin ne, halal ce, sai dai malaman Malikiyya sun sharɗanta a kashe ta da wani sababi, kamar jefa ta a ruwan zafi, da niyya da ambaton sunan Allah, kuma a nisanci wadda aka tsinto daga inda aka yi feshi. Kilishi shi ne sarkinsu, nama ne da aka fiɗe shi siriri aka shanya, aka tsoma a labu, wanda shi ma tunkuza ce da kayan yaji, aka sake shanyawa aka gasa. Amma kilishi na ranar samu ne da tsaraba. Wadda ba ta fashi ita ce daddawa, 'yar kalwar ɗorawa, wadda ake jefawa kaɗan a miya amma kullum, kuma kusan sulusinta furotin ne. Dunƙulen kanti da ya ture ta daga tukwane da yawa ɗanɗano ne da gishiri kawai.

Da wannan nake roƙon iyaye su dubi kuɗin tara da suke danƙa wa yara da safe. Abin da zai sayi biskit da ruwan zaƙi mai launi, waɗanda fulawa ce da sukari, shi ne dai zai sayi awara, ko ƙosai, ko dafaffen ƙwai, ko kantun riɗi, ko cikin hannu na soyayyar gyaɗa, wanda shi kaɗai furotin ɗinsa ya kai giram 7. Kuma kuɗin a unguwa zai tsaya, a hannun maƙwabciya. Haka almajirin da ke bakin ƙofa, in za a zuba masa tuwo, a haɗa masa da ko ƙuli biyu ne.

Gwaggona tana da wata tsohuwar randa a ƙuryar ɗakinta. Kowace kaka, kafin mijinta ya kira mai awo, sai ta shiga tsakanin buhuna da ƙwaryarta ta ɗebi wake, ta shanya shi kwana uku a rana mai zafi, ta cakuɗa shi da tankaɗaɗɗiyar toka, ta cika randar, ta kifa kasko a baki ta liƙe da laka. Ba mai taɓa ta duk rani, ko baƙo aka yi, ko farashi ya ninka. Sai ruwa ya sauka, an yi shuka an shiga noman fari, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, maza suna wuni a sunkuye, yara suna fama da zazzaɓin damina, sa'an nan take fasa lakar, ta tankaɗe tokar, ta wanke waken ta ɗora tukunya tun da hantsi, mu kuma a aza mana akushi a ka mu bi hanyar gona.